Daga Sule Biyar Zuwa Gadau: Wa Ke Magana da Yawun Ɗalibi?

 

Sharhinmu na yau a kan ɗaliban manyan makarantu ne, da ƙungiyoyinsu, da zanga-zangarsu. Na san da jin haka wani dattijo ya riga ya gyara zama yana cewa, "Malam, ka rufa mana asiri, kada ka zuga mana yara." Baba, kwantar da hankalinka. Duk uban da ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta yana da hujjar gaya wa ɗansa, "Karatu na tura ka, ba siyasa ba." Kuma gaskiya ce da ake faɗa, in harbi ya tashi ɗan talaka ne ke faɗuwa. Amma ina so mu duba wani abu tare: shin rufe bakin ɗalibi ne ke kare ransa, ko kuwa shi ne ke jefa shi cikin haɗari?

Dalilin tayar da maganar a nan shi ne Azare ta sauya. Garin da fadar Katagum ta dawo cikinsa a 1916, wanda aka sani da kasuwa da noma da malanta, yanzu garin ɗalibai ne. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, wadda ta faro tun 1977 tana yaye malamai. Ga jami'ar jiha a Gadau, da aka kafa zamanin Gwamna Isa Yuguda, da rassanta a Bauchi da Misau. Ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Jama'are nan kusa. Masu gidajen haya sun shaida, 'yan acaɓa sun shaida, masu shayi da masu awara sun shaida. Dubban matasa ne daga jihohi daban-daban suke kwana suke tashi a tsakaninmu. Kuma duk inda aka tara matasa haka, ran da ruwa ya ɗauke mako guda, ko aka ƙara kuɗin rajista ba sanarwa, ko mota ta buge ɗayansu a bakin ƙofar makaranta, za a ji murya. Abin tambaya kawai shi ne, ta wace ƙofa muryar za ta fito.

Bari mu koma 1978. Janar Olusegun Obasanjo ne shugaban ƙasa na mulkin soja, Kanar Ahmadu Ali ne kwamishinan ilimi na tarayya, Dokta Jibril Aminu kuma shi ne sakataren hukumar kula da jami'o'i. Aka sanar da ƙarin kuɗin ɗaki da na abinci. Abin da aka fi tunawa shi ne ƙarin sule biyar a kuɗin abinci. Sule biyar, kwabo hamsin ke nan. Yaran yanzu za su yi dariya, don ko alewa ba za ta saya ba. Amma a wancan lokaci yawancin ɗaliban 'ya'yan manoma ne da ƙananan ma'aikata, kuma abin da suka hango ya wuce sule biyar: sun ga gwamnati ta fara zare hannunta daga ɗaukar nauyin karatu, alhali ƙasar ba ta daɗe da shiga yalwar kuɗin man fetur ba.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a lokacin, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo na Jami'ar Legas, ba titi ta fara fita ba. Sai da ta yi taruka, ta aika da ƙorafi, ta ba da wa'adi. Da aka ƙi saurara, ɗalibai suka ƙaurace wa aji ran 17 ga Afrilu. Washegari 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Legas. Labari ya iso Zariya, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka fito, aka turo sojoji, aka buɗe wuta, aka kashe ɗalibai. Wannan shi ne rikicin da har gobe ake kira Ali Must Go. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta NUNS, ta kori wasu malamai, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, suka rasa kujerunsu. Ƙarin kuɗin kuwa ba a janye shi ba.

Shekara takwas bayan haka aka sake kwatawa a Samarun Zariya, kuma wannan ne na fi so mu tsaya a kai. A watan Afrilun 1986 ɗaliban Zariya suka yi jerin gwano don tunawa da 'yan uwansu da aka kashe a 1978. Jerin gwanon ya ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, inda doka ta hana maza shiga. A al'adarmu wannan laifi ne, ba na musu, kuma da an tsawata an yi hukunci daidai laifin ba wanda zai ce uffan. Sai hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta kori wasu shugabannin ƙungiyar ɗalibai ta dakatar da wasu. Ɗalibai suka taru suna neman a janye hukuncin. Mutanen da ya kamata a kira a zauna da su, su ne aka kora. Aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma. Ran Juma'a 23 ga Mayu suka shiga harabar jami'a da harsashi mai rai. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Cikin waɗanda suka rasu har da ɗaliba mace.

Wutar ta bazu zuwa sauran jami'o'in ƙasar. Ƙungiyar ƙwadago ta shirya fitowa don jajanta wa ɗalibai, aka kama shugabanninta, har da Ali Ciroma. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye, Ango Abdullahi ya bar kujera, aka haramta NANS, ƙungiyar da ta gaji NUNS a 1980. Ministan ilimi a wannan karon kuwa shi ne Jibril Aminu, wanda ya sanar da ƙarin 1978. A 1989, shekarar da ɗalibai suka sake girgiza ƙasar kan shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka fito da dokar soja da ta ba hukuma ikon rushe ƙungiyar ɗalibai duk lokacin da ta ga dama, ta kuma mai da shiga ƙungiyar ganin dama.

Daga nan aka samu wani tsari da har yau shi ake bi a kusan kowace babbar makaranta, kuma duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya san shi. Ɗalibai su yi ƙorafi, a yi shiru. Su fito, a fasa gilashi biyu uku. Da yamma a manna sanarwa: an ba da hutun dole, kowa ya kwashe kayansa kafin ƙarfe kaza. Yarinyar da ta zo daga Taraba ko Binuwai ta tsinci kanta a tasha da daddare ba kuɗin mota. Bayan wata ɗaya ko biyu a ce a dawo, amma kowa ya biya kuɗin ɓarna, da wanda ya fasa da wanda yake kwance a asibiti ranar, ya kuma zo da takardar rantsuwa daga kotu da sa hannun uba. A rushe ƙungiya, a naɗa kwamitin riƙo na yaran da hukuma ta yarda da su. Famfon da aka yi rigimar a kansa kuwa yana nan a bushe. An huta na shekara ɗaya ko biyu, sai wani abin ya sake tasowa, a lokacin kuma babu wani zaɓaɓɓen shugaba da zai hau tebur ya ce "ku tsaya" a tsaya. Wannan toshe bakin tukunya ne tana kan wuta. Da yawa daga malaman da suka ga zamanin suna ganin gurbin da ƙungiyoyin suka bari ne ƙungiyoyin asiri suka cike a jami'o'in kudu, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba.

Mu leƙa maƙwabta. A Nijar, ran 9 ga Fabrairun 1990, ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka taso daga jami'ar Yamai za su ƙetare gadar Kennedy, suna adawa da matakan rage kashe kuɗi a kan ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu. Amma saboda ƙungiyar tana da tsari, tana da ƙawance da 'yan ƙwadago, jinin bai tafi a banza ba. Matsin lambar da ya biyo baya ya tilasta wa Janar Ali Saibou amincewa da jam'iyyu da yawa, aka yi babban taron ƙasa a 1991 inda ɗalibai suka zauna a matsayin wakilai, a 1993 kuma aka zaɓi Mahamane Ousmane.

A Amurka ma, abin da baƙaƙen fata ɗalibai suka yi abin nazari ne. Ran 1 ga Fabrairun 1960 samari huɗu daga wata kwalejin baƙaƙe a garin Greensboro suka shiga kantin Woolworth, suka zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa farare, suka nemi a sayar musu. Aka ƙi. Suka ci gaba da zama har aka tashi. Washegari suka dawo da ƙarin mutane. Cikin 'yan makonni abin ya watsu a garuruwan kudancin ƙasar, kuma kafin ƙarshen Yuli kantin ya sauke dokarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne horon da ke bayan wannan. Ɗaliban sukan yi atisaye kafin su fita: a zage ka, a watsa maka abu a ka, kada ka rama. Sukan sa tufafi masu tsabta, su riƙe littattafansu, kowane rukuni da mai magana da yawunsa. A watan Afrilun shekarar wata dattijuwar 'yar gwagwarmaya, Ella Baker, ta tara su a Jami'ar Shaw, ta ba su shawarar su kafa ƙungiya tasu ta kansu, kada su zama reshen manya. Ba su tsira daga harsashi ba su ma: an kashe uku a Orangeburg a 1968, an kashe biyu a Jackson a 1970. Amma sun san abin da suke nema, suna iya rubuta shi a takarda guda. Yajin karatun wata biyar da aka yi a kwalejin San Francisco daga 1968 zuwa 1969 ya ƙare da buɗe sashen nazarin tarihi da rayuwar baƙar fata. A Afirka ta Kudu, a Oktoban 2015, ɗalibai suka tsaya kan buƙata ɗaya, kada a ƙara kuɗin makaranta, har Shugaba Jacob Zuma ya fito ya ce babu ƙari a shekara mai zuwa.

To mu fa, ina muka kwana? Shekarar 2022 ta ishe mu misali, kuma ta shafe mu kai tsaye, don ministan ilimi a lokacin ɗan garin nan ne, Malam Adamu Adamu. Malaman jami'a suka shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur yara na zaune a gida. A ƙarshen Fabrairu shugabannin NANS suka je ofishin minista a Abuja, magana ta yi zafi, minista ya tashi ya fice daga taron, kyamarori na ɗauka. Mu mutanen Katagum ba za mu manta da alherin jami'ar lafiya da ta zo a zamaninsa ba, kuma masu karatun jarida ba su manta da alƙalaminsa ba lokacin da yake rubutu yana kare ilimi. Amma alheri ba ya hana a faɗi gaskiya: ficewar nan ba ta dace ba. Ko yaro ya ɗaga murya, babba zama yake ya ji ƙarshen zance. A ɗaya ɓangaren kuma, me ƙungiyar ta iya yi? A watan Satumba ta tare hanyar Legas zuwa Ibadan da hanyar filin jirgin sama na Legas. Umarnin kotu da shiga tsakanin shugabannin majalisa ne suka kawo ƙarshen yajin. Ƙungiyar da a da gwamnatin soja ke shakkarta ta koma 'yar kallo a rikicin da ya cinye wa 'ya'yanta shekarar karatu.

A nan dole in juyo kan ku, 'yan uwana ɗalibai, don ba duka laifin ke wuyan hukuma ba. Shugabancin ɗalibai a yau ya zama tsani. A ci zaɓe, a ɗinka babbar riga, a buga kati mai "Kwamared", a shiga bin ofisoshin 'yan siyasa ana raba musu lambar yabo ana karɓar na goro. Ƙungiya ɗaya, shugabanni biyu ko uku, kowa da ubangidansa. Kuɗin da ake cira daga rajistar kowane ɗalibi da sunan ƙungiya, wa ya taɓa ganin lissafinsa a manne a allo? Wanda bai iya ba da bayanin kuɗin 'yan ajinsu ba, da wane baki zai tambayi gwamna lissafin kasafi? Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Rikicin da ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris ɗin 1987 ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Kisan ɗaliba a Kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato a Mayun 2022 ɗaukar doka ne a hannu. Kada wani ya haɗa irin waɗannan da neman haƙƙi. Mai neman haƙƙi hujja yake tarawa, kuma yana buƙatar ɗan ajinsu Kirista da Musulmi, Bahaushe da Bafulatani da Bakare da Basayi, su tsaya sahu ɗaya, don famfon da ya ƙafe bai tambayi addinin kowa ba.

Abin da ke faruwa in babu jagora kuwa, mun gan shi da idonmu. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya rikice a Azare har gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 a ƙaramar hukumar Katagum. Ba zanga-zangar ɗalibai ba ce, kuma yunwar da ta fito da mutane gaskiya ce. Amma a ranar, wa hukuma za ta kira ta ce zo mu zauna? Wa ke da jerin buƙatu? Wa zai ce an gama, a koma gida, a kuma koma? Babu. Daga baya duniya ta ga ƙananan yaran da aka kwaso daga Arewa suna faɗuwa don galabaita a gaban kotu a Abuja a watan Nuwamba, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu. A garin da ke da manyan makarantu har haka, rashin matasa masu tsari da za su iya tsayawa tsakanin fushin titi da bindigar hukuma asara ce ga kowa, har da ita hukumar.

Jami'ar Gadau yanzu sunan Sa'adu Zungur take ɗauke da shi, kuma ina fata waɗanda suka zaɓi sunan sun san nauyin da suka ɗora mata. Malam Sa'adu, wanda ya rasu a 1958, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba a Legas. Da ya dawo Bauchi, shi da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda ke koyarwa a makarantar Midil, suka riƙa zama a wani zauren tattaunawa a farkon shekarun 1940, ana muhawara a fili kan mulki da haraji da ilimi. Da tambayoyin suka fara taɓa sarauta da En'e, aka rufe zauren. Rufewar ba ta kashe maganar ba. Daga cikin mutanen zauren nan aka samu firaministan Najeriya na farko, aka samu jagoran NEPU. Makarantar da ke amsa sunan wannan bawan Allah ba ta da hujjar jin tsoron ɗalibi mai tambaya.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantunmu na Azare da Gadau da Jama'are ba mai tsada ba ne. A sa ranar zaɓen ƙungiyar ɗalibai cikin jadawalin shekara kamar yadda ake sa ranar jarrabawa, a bar yara su zaɓi wanda suke so, ko da mai kafiya ne. Mai kafiyar da 'yan uwansa suka zaɓa ya fi amfani ranar rikici a kan mai ladabin da aka naɗa, don shi za a saurara. In za a ƙara kuɗi, kuma kowa ya san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin dizal da na wuta sun hana makarantu sakat, to a kira wakilan ɗalibai tun kafin a yanke, a buɗe musu littafi su ga abin da ke shiga da abin da ke fita, a ba da zango guda na shiri, a yarda da biya kashi-kashi, a kuma sa ma'aikaci ya taimaka wa yara cike takardun bashin karatu na NELFUND. A buɗe rajistar ƙorafi mai kwanan wata, wadda shugaban makaranta zai duba da kansa. A Agustan 2019 gadar ƙafa ta rufta da ɗalibai cikin ruwan sama a harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka rasa rayuka, aka yi zanga-zanga, aka rufe makaranta. Ɗalibi ne ke taka gada kullum, shi ke kwana a ɗakin da wayar wuta ta zube, shi ke bin lungun da babu fitila. Shi zai fara ganin tsagewa kafin injiniya ya gani, in akwai inda zai kai rahoto a karɓa.

Ga jami'an tsaro kuma, magana ɗaya ce: harsashi mai rai ba shi da hurumi a harabar makaranta. Ga masarauta da malaman addini da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku san shugabannin yaran nan da sunayensu tun ana zaman lafiya, ku riƙe lambobinsu, su riƙe naku. Su kuma shugabannin ɗalibai da ke saurarena, kafin ƙarshen zangon nan ku manna lissafin kuɗin ƙungiya a allon sanarwa, da abin da aka karɓa da abin da aka kashe da sunan wanda ya sa hannu, sa'an nan ku rubuta buƙatu uku da suka fi damun 'yan uwanku, ku kai ofis, ku karɓi shaidar an karɓa.